Zoben Zenon Ya Ƙi Fita

Litinin, 13 ga Oktoba

Kinga ta kira daga Norway tun ban cire takalmin aiki ba. Wai ta samo mana zobban auren a intanet, zinariya marar ado yadda nake so, kuma za a rubuta sunan Edmund, wanda zan aura, a cikin nawa, nawa a cikin nasa. Abu ɗaya ya rage, lambar yatsa. In aka rubuta suna ba a karɓar zobe a mayar, ko ya yi kaɗan ko ya yi yawa.

"Mama, lamba ce kawai fa," in ji ta. 'Yata ce, amma komai a wurinta kawai ne.

Auren ranar 22 ga Nuwamba, kafin makonnin jiran Kirsimeti su shigo. Masu zoben sun ce su samu lambar a farkon Nuwamba, in ba haka ba babu ruwansu.

Ban ce mata komai ba a kan yatsan. Ta sani, ta manta ne.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Zobban roba na gwaji sun iso, na ɗauko su daga akwatin saƙo na bakin kanti. Edmund ya zo da yamma, hannunsa duk ƙanshin hayaƙin da yake yi wa ƙudan zumarsa. Ya zura ɗaya, ya cire, ya zura na gaba. Ashirin da uku. An gama nasa kafin shayi ya huce.

Ya miƙo mini su. Na ce sai anjima, hannuna ya kumbura da kwaɓin fulawa, yau pierogi, 'yan ƙullin fulawa masu haɗi a ciki, muka yi wa yara a kicin ɗin makaranta. Ya dubi hannun damana, ya mayar da su cikin leda. Shirun mutumin nan ya fi faɗa ciwo.

Bari in rubuta shi yadda yake, tunda ba mai karantawa. Yatsan da za a gwada, na dama inda muke sa zoben aure, akwai zobe a kai, na mijina Zenon. Ranar da muka binne shi, shekara tara ke nan, na zo in mayar da shi hannun hagu kamar kowace matar da mijinta ya rasu, ya ƙi wuce gaɓa. Na ja har na ji jiri, na haƙura. Na gaya wa mutum biyu ko uku cewa maƙalewa ya yi, suka yi murmushi suka shafa mini baya. Kafin wata ya zagayo gari ya ɗauka cewa Lucyna ta ƙi yarda mijinta ya mutu, ta bar zobensa a dama. Mata har nuna ni suke wa 'ya'yansu a coci. Ni kuwa ƙiba ce da aikin kicin.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Sabulu. Man girki. Ruwan ƙanƙara har hannu ya mutu. Ko motsi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Kinga ta turo bidiyon wata mata da ke naɗe yatsa da zare tana warwarewa, zobe na bin zaren ya fito sumul. Na yi sau uku. A na uku yatsan ya yi jawur, zaren ya yanka ni a gefe. Matar bidiyon dai ba ta taɓa wanke tukunyar miyar yara ɗari biyu ba.

Na gwada yatsan hagu, sha bakwai. Kinga ta ce a ƙara ɗaya a aika, ai dama ta fi hagu kauri. Na ce in bai shiga ba fa, a gaban Fada, limamin cocinmu, da jama'a? Ta ce, "To ki je wajen Baffa Romek mana, minti biyar ne."

Minti biyar. Romek ƙanin Zenon ne, shi kaɗai ne maƙerin zinariya a garin nan, kuma shi ya ƙera zoben da hannunsa yana ɗan koyo. Dalilin da ya sa muka nufi intanet ke nan tun farko. Tun da Fada ya karanta sanarwar aurenmu a coci bai ƙara ce mini ina kwana ba. Da, in ya hango ni daga tsallake, sai ya ɗaga murya, "Matar Yaya, yau me aka ƙona wa yara?"

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na kai wa Mama romon kaza da taliya kamar kowace Lahadi. Uwar Zenon ce, amma shekara talatin da ɗaya Mama nake ce mata, tawa ma ban daɗe da ita haka ba. Idonta ya tafi gaba ɗaya yanzu. In na shiga sai ta miƙo hannu biyu ta kama damana, ta laluba har ta taɓa zoben, sannan ta ce, "'Yata ce."

Yau ta daɗe a kan wurin da zare ya yanka. Na ce wuƙa ce.

Ta ce, "Ki yi aurenki, ban hana ba. Edmund mutumin kirki ne, zumarsa ma ba ya surkawa. Mace ba ta zama ita kaɗai a gida har ta fara magana da kujeru. Amma wannan ki bar wa Zenon. Yatsu goma ne da ke, ɗaya ne nasa."

Romek na zaune a ƙarshen tebur yana yanka burodi. Bai ɗago ba. Na ce, "To, Mama." To ɗin me, ni ma ban sani ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Kinga ta zo da dabara: a gwada a saman tsohon, a ɗora sabon a kansa, zobe biyu a yatsa ɗaya, wai ana yi. Na ji daɗi har na yi waƙa a wajen aiki. Kowa ya samu nasa.

Na gaya wa Edmund a motarsa yana maido ni gida. Ya ja ya tsaya a bakin hanya, ya kashe mota. Ban taɓa ganin ya yi haka ba.

"Lucyna, ni ba yaro ba ne. Zoben aurena da marigayiya Jadwiga da hannuna na cire shi, na shiga rumfar zuma na yi kukana, ba wanda ya ji. Ba zan tsaya gaban Fada in ɗora zobena a kan na Zenon ba. In yatsan babu kowa, ina nan. In da mutum a kai ki gaya mini, ba faɗa ba ne, sai mu fasa tun da wuri."

Na ce maƙalewa ya yi, ya sani. Ya ce, "Na sani. Ana yankewa."

Na fita na ƙarasa da ƙafa. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, don mutum ne da ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Bai kira ba. Ni ma ban kira ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na hau bas zuwa Lublin, inda ba wanda ya san ni. Na samu shagon zinariya a wani layi, wata yarinya ce a ciki, faratanta dogaye kamar ba ta taɓa aiki ba. Ta dubi yatsan ta ce ba matsala, kullum suna yi. Ta ɗauko wani ɗan ƙarfe, ta shimfiɗa tsumma, ta ce in ɗora hannu. Ta ce, "Kina son gutsuren, ko mu saya?"

Gutsuren.

Ban san lokacin da na janye hannun ba. Na ce na manta wani abu a bas. Na fita na zauna a benci a tasha, kamar wadda ta yi sata. Na saya wa Edmund safa don kar a ce na je a banza.

Da yamma ya kira, karon farko tun Talata. Na ce na je, na tarar shagon a rufe. Ya ce, "Ranar Asabar da safe?" Na ce e. Ya ce, "To."

Ƙarya ta farko da na yi masa. Abin da ya fi damuna shi ne shekara tara ina cewa zoben ne ya ƙi. Yau an ba ni dama, hannun ne ya ƙi.

Talata, 28 ga Oktoba

Saƙo daga masu zoben, cikin ladabi, suna tuna mana lamba ta biyu. Kinga ta turo shi ba tare da ta ƙara ko kalma ba. Ita ma ta fara koyon shiru.

Yatsan ya ƙi warkewa. Shugabar kicin ta ce in riƙa sa safar hannu ta roba, ko in zauna a gida.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na wanke kabarin Zenon don ranar Asabar, na kai furanni. Na yi niyyar in yi masa magana, sai na tarar ba ni da abin cewa. Da yana nan dariya zai yi, ya ce in rage cin kek. Ba mutumin riƙo ba ne. Ya manta ranar aurenmu sau nawa? Masu rai ne suka riƙe masa abin da shi bai riƙe ba, ni ma a ciki.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ranar tunawa da matattu. Maƙabarta cike, kowa da kyandirinsa, kowa da sabon kwat yana leƙen na wani. Romek ya turo Mama a keken guragu. Muka tsaya a kan kabarin Zenon. Edmund na can layi uku gaba, shi da 'ya'yansa maza a kan kabarin Jadwiga. Ya cire hula ya gaishe mu daga nesa, idonsa ya sauka a hannuna. Na tura shi aljihu, kuma na san ya ga na tura.

Wata tsohuwa daga ƙungiyar mata ta zo ta rungume ni, ta ce wa Mama da ƙarfi, "Kun yi sa'ar suruka, har gobe tana ɗauke da shi." Mama ta gyaɗa kai tana jin daɗi. Na so ƙasa ta buɗe.

Da zan kunna kyandir dole na cire safar hannu. Iska ta kashe ashana biyu. Romek ya sunkuyo ya kare mini da tafinsa, a nan ya ga yatsan. Ya kama wuyan hannuna ya juya shi zuwa haske, ba ko sallama.

"Wa ya yi miki wannan aikin mahauta?"

"Ni."

"Da zare? A waya kika gani ko?" Ya saki hannun. Ya rage murya saboda Mama. "Jibi, kafin in buɗe shago. Ta ƙofar baya. In kin bari ya ƙara mako, likita ne zai yanka, kuma ba zoben kaɗai ba."

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na kai wa Mama miya. Na ba ta hannun, ta taɓa, ta ce 'yata ce. Na ci abinci da ƙyar.

Litinin, 3 ga Nuwamba

An yi.

Na tarar ya kunna fitilar teburin aikinsa, ya sa tsumma mai tsabta. Bai ce in zauna ba, na zauna. Ya zura wani siririn ƙarfe a ƙarƙashin zoben, da zafi, sannan ya fara murza ɗan faifan zarto a hankali. Ƙarar ba ta da yawa, kamar ɓera a bayan kabad. Na kafe ido a kalandar bango.

Ya ce, "Zoben farko da na ƙera ke nan. Maigidana ya ce ya yi ƙanƙanta, Yaya ya ce a bari, ai ke siririya ce kamar tsinke. Dubi tsinke yanzu."

"Murza abinka, ka bar ni."

"Tun ranar jana'iza na san maƙalewa ya yi. Na ga gaɓar. Sana'ata ce."

Na juyo na dube shi. Na ce, "Shi ne ka bar ni shekara tara ana nuna ni a coci kamar waliyyiya? Me ya hana ka faɗa?"

Ya tsaya da murzawa. "Ke me ya hana ki zuwa? Shagon nan bai tashi ba. Kullum ta ƙofarsa kike wucewa."

Na koma kallon kalandar.

Ya ƙarasa, ya sa filaya biyu ya buɗa shi, ya zare. Wurin fari fat, a lotse, sai wari kaɗan. Sanyi na ji a wurin. Na yi kuka, ba mai yawa ba, shi kuma ya shiga neman wani abu a aljihun tebur har na gama.

Ya wanke ciwon, ya ɗauko zobban gwajinsa na ƙarfe ba tare da na roƙa ba. Ya ce gaɓar ce matsala, gindin yatsan kuma zai cike nan da wasu watanni, ba wanda zai iya cewa nawa. "Sha takwas. Zai ɗan matse a gaɓa, amma zai zauna daram, ba zai taɓa faɗuwa ba. Ki gaya wa injin naku." Ya naɗe tsohon a tsumma ya ba ni. Na ciro jaka, ya harare ni har na mayar.

A ƙofa na ce na gode. Ya ce, "Ban yi don mai zuma ba. Kuma Mama ke za ki gaya mata, ba ni ba, matar…" Sai ya tsaya, bai san yadda zai ƙarasa ba. Ya rufe ƙofa.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na aika lambar da kaina, ban jira Kinga ba. Shafin ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na sa sha tara.

Na je wajen Edmund da yamma, na ajiye hannuna a kan teburinsa. Ya daɗe yana kallo. Bai yi murna ba, kuma na ji daɗin hakan, da ya yi da na tsane shi. Ya tashi ya ɗauko man ƙudan zuma ya shafa mini a ciwon. Na ce masa shagon Lublin a buɗe yake ran nan. Ya ce, "Na sani. Kin ci abinci?"

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Lahadi na matsowa. Na yi tunanin in sa safar hannu in ce sanyi. Na yi tunanin in matse tsohon zoben a yatsa na awa biyu, tunda yanzu a buɗe yake. Kunyar kaina ta kama ni.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Mama ta miƙo hannu biyu kamar kullum. Na ba ta. Ta laluba, ta wuce wurin, ta dawo, ta sa babban yatsanta a cikin lotsawar ta tsaya.

"Ashe yana fita."

"Sai da aka yanka shi, Mama. Ya fara cin nama. Romek ne ya yi."

"To ai ya fita."

Na so in yi mata bayani tun daga ranar jana'iza, na fara, ta ɗaga hannu. Ta ce ina yake. Na sa mata tsumman a tafi. Ta warware, ta taɓa bakin yankan da ɗan yatsa, ta tura shi aljihun rigar sanyinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta sha miyar har ta kusa cinyewa, ta ce gishiri ya yi daidai.

Da zan tafi ta ce, "Lucyna, mako mai zuwa matar Romek za ta kawo. Kina da shirye-shirye, ki huta."

Lucyna. Rabon da ta kira ni da sunana tun Kinga na goye. Na tsaya a matakala na riƙe ƙarfe. Romek ya biyo ni da kwanon miyar da na manta, ya ce in ba ta lokaci. Na ce shekararta tamanin da tara, lokacin nawa ne? Ya miƙo mini kwanon ya koma ciki.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na kira, matar Romek ta ce Mama na barci. Ƙarfe sha ɗaya na safe.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na sayi kaza a kasuwa, sai da na biya na tuna ba inda zan kai ta.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Zobban sun iso. Na ɗauko su a hanyar dawowa daga aiki, ban iya jira ba, na buɗe a tsaye a kicin da kwat a jikina. Sunansa na ciki, ƙanana ƙwarai, sai da na sa tabarau.

Ya wuce gaɓa ba gardama. Na ja, ya fito. Na mayar, na sake cirewa. Ban san sau nawa na yi ba, ruwan shayi dai ya ƙone a buta.

Edmund ya zo ya gwada nasa, daidai. Ya juya nawa a yatsana ya ce, "Bai yi miki yawa ba? Me Romek ya ce?" Na ce sha takwas ya ce. Ya dube ni, ya dubi zoben, ya ce to in riƙa cirewa in zan kwaɓa fulawa, kar wani yaro ya haɗiye.

Mama har yau shiru. Na bar mata kujera a teburin farko ranar Asabar, ban sani ba ko za ta zo. Abin na cina, ba zan ce ba ya cina ba.

Ranar Lahadin nan da ta wuce na dafa kazar, na kai gidan Edmund. Muka ci, ya nuna mini yadda ake lulluɓe amya saboda sanyi, muka zagaya har bakin kogi. Ban tuna Lahadi ce ba sai da aka buga ƙararrawar yamma. Wannan ban gaya wa Kinga ba.